Da tsohuwar zuma ake magani: Yadda ake ɗora lensin kyamarar fim a kan kyamarar zamani

Sana'ar ɗaukar hoto a garin Potiskum na Jihar Yobe, kamar a sauran manyan garuruwan Arewa, ta ga manyan sauye-sauye biyu cikin shekaru 25 da suka wuce. Da farko kyamarar dijital ta kori ta fim, aka daina jiran kwanaki kafin a wanko hoton biki. Daga baya wayar hannu ta shiga aljihun kowa, har ta kai ƙawayen amarya da abokan ango suna ɗaukar hotunansu da kansu. Mai hoton da ke son a ci gaba da kiransa wurin ɗaurin aure, ko suna, ko walimar saukar Alƙur'ani, dole ne ya kawo abin da waya ke kasawa: fuska ta fito tas a zauren da haskensa kaɗan ne, ba tare da hoton ya dagule ba.

Wannan aiki ya fi rataya a kan lensi, wato bututun gilasai da ke gaban kyamara, fiye da kan kyamarar kanta. Lensi kuwa da dala ake shigo da shi. Tun da Babban Bankin Najeriya ya saki naira ta nemar wa kanta daraja a kasuwa a watan Yunin 2023, dalar da ake canzawa a kan naira 460 da 'yan kai a hukumance ta haura naira 1,500 a farkon 2024, farashin kayan hoto kuma ya bi sahu.

Sai dai akwai wata mafita mai sauƙin kuɗi. Tsofaffin lensin kyamarorin fim irin su Pentax da Canon da Nikon da Minolta da Yashica da Zenit, waɗanda aka ƙera daga shekarun 1960 zuwa na 1980, har yanzu suna kwance a akwatunan tsofaffin masu hoto da kasuwannin kayan hannu. Da wani ɗan zoben ƙarfe da ake kira adafta, ana iya ɗora su a kan kyamarar yau su yi aiki. Amma ba kowane lensi ke hawa kowace kyamara ba, kuma wanda ya saya ba da sani ba yana iya yin asarar kuɗinsa, ko ya ɓata hoton bikin da ba za a maimaita ba.

Dalilin da ya sa gilashi bai tsufa ba

Kowace kyamara aiki biyu take yi. Lensi yana tara haske ya zana siffa, sannan wani abu a baya ya riƙe siffar. A da fim ne ke riƙe ta, yanzu kuwa wani ɗan faifan lantarki ne da ake kira sensa. Ɓangaren baya ne kaɗai ya sauya. Ƙa'idojin tafiyar haske, waɗanda masani Ibn al-Haisam ya yi bayaninsu a Alƙahira kimanin shekaru 1,000 da suka wuce, suna nan yadda suke.

Tsarin jera gilasan ma ya daɗe. A 1896 Paul Rudolph na kamfanin Carl Zeiss a Jamus ya fito da tsarin Planar, a 1927 kuma Willy Merté ya inganta shi da sunan Biotar. Lensin milimita 50 masu sauƙin kuɗi da ake sayarwa sababbi a yau, masu gilasai shida ko bakwai, a kan wannan tushe aka gina su. Shahararren lensin nan na Tarayyar Sobiyat, Helios-44, mai milimita 58, wanda ke zuwa da kyamarar Zenit, kwaikwayon Biotar ne, kuma an ƙera miliyoyinsa.

Abin da ya kai waɗannan lensi akwati shi ne zuwan saitin atomatik. A 1985 Minolta ta fito da kyamarar 7000 mai saita hoto da kanta. A 1987 Canon ta yi watsi da tsohon bakinta mai suna FD, ta ɗauki sabo mai suna EF wanda ke magana da lensi ta hanyar lantarki. Daga nan ɗimbin lensi masu lafiya suka rasa kyamarar da za su hau.

Manyan masu shirya finafinai sun koma kansu saboda laushin hotonsu. Zack Snyder ya ɗauki fim ɗin Army of the Dead na 2021 da tsofaffin lensin Canon, ciki har da mai milimita 50 na shekarun 1960. Greig Fraser ya yi amfani da tsofaffin lensin Sobiyat da aka sake wa jiki a wasu sassan Dune: Part Two na 2024.

Tazarar da komai ya rataya a kanta

Duk wanda ya taɓa ƙona takarda da gilashin ƙara girma a rana ya san cewa hasken ba ya taruwa wuri ɗaya sai gilashin yana daidai wani nisa daga takardar. In an matso ko an ja baya, ɗigon hasken sai ya baje. Haka lensin kyamara yake. An ƙera kowane lensi domin ya zauna a wata ƙayyadaddiyar tazara tsakanin bakin kyamara da fim ko sensa. In ya zauna nesa da wannan tazara, ko da milimita ɗaya, zai iya saita abin da ke kusa, amma abin da ke nesa ba zai taɓa fitowa ba.

Kyamarorin fim irin waɗanda aka ambata suna da madubi a ciki, wanda ke tura siffa zuwa idon mai ɗauka, sannan ya ɗaga sama lokacin ɗaukar hoto. Domin madubin ya samu wurin juyawa, tazararsu tana da tsawo. Ga ta a milimita:

Canon FD, 42. Minolta MD, 43.5. Canon EF, 44. M42 da Pentax K, 45.46. Contax da Yashica, 45.5. Olympus OM, 46. Nikon F, 46.5.

A 2008 Panasonic ta fito da Lumix G1, kyamarar da aka cire wa madubi, aka bar sensa tana nuna siffa kai tsaye a allo. Sony ta biyo baya a 2010, Fujifilm a 2012, Nikon da Canon kuma suka fito da manyan nasu a 2018. Da aka cire madubi, tazara ta ragu ƙwarai:

Nikon Z, 16. Fujifilm X, 17.7. Sony E, 18. Micro Four Thirds na Panasonic da Olympus, 19.25. Canon RF, 20.

Daga waɗannan lambobi ake fitar da ƙa'ida guda. Idan tazarar lensi ta fi ta kyamara tsawo, adafta fanko, wadda babu gilashi a cikinta, ta wadatar, domin aikinta kawai ta cike giɓin. Lensin M42 a kan Sony E yana buƙatar zobe mai kaurin milimita 27.46. Na Canon FD a kan wannan kyamara yana buƙatar 24. Na Minolta MD a kan Fujifilm X yana buƙatar 25.8. Idan kuwa tazarar lensi ta fi ta kyamara gajarta, babu zoben da zai iya tura shi cikin jikin kyamarar. Wannan ne ya sa kyamara mara madubi ke karɓar kusan kowane tsohon lensi.

Masu kyamara mai madubi su yi hattara

Masu hoto da dama a Najeriya har yanzu kyamarar dijital mai madubi suke riƙe da ita, wadda ake kira DSLR, musamman Canon da Nikon na hannu. A nan ne aka fi tafka asara.

Canon mai bakin EF tana karɓar lensin M42 da Nikon F da Olympus OM da Yashica da siririn zobe, domin duk tazararsu ta haura 44. Amma ba ta karɓar tsohon lensin Canon FD, duk da kamfani ɗaya ya ƙera su, domin tazararsa ta gaza da milimita 2. Haka na Minolta MD. Ana sayar da adafta mai ɗan gilashi a ciki don gyara wannan, sai dai gilashin yana rage haske da kaifin hoto, wato yana cinye ainihin ribar da aka je nema. A kan Canon masu babbar sensa irin su 5D, bayan wasu lensin M42 yana iya taɓa madubi idan an saita su zuwa nesa, don haka a bincika kafin a latsa.

Nikon mai madubi ita ce ta fi wahalar sha'ani da baƙin lensi, saboda tazararta ta fi ta saura tsawo. Lensin Helios ko Takumar a kanta zai ɗauki fuska daga kusa, amma ba zai saita nesa ba sai da adafta mai gilashi. Ribar mai Nikon a wani wuri take: kamfanin bai sauya bakin F ba tun 1959, don haka tsofaffin lensin Nikon da aka ƙera daga 1977, masu tsarin AI, suna hawa ba tare da adafta ba. Waɗanda suka girmi 1977 kuwa suna iya karya wani ɗan kunne a bakin wasu kyamarori, bai kamata a tilasta su ba. Ƙananan Nikon na jerin D3000 da D5000 ba sa auna haske da irin waɗannan lensi, sai mai ɗauka ya auna da kansa.

Kafin a yi odar adafta daga Kano ko Legas ko ta intanet, a tabbatar da sunan baki biyu, na lensi da na kyamara. Sunan kamfani kaɗai ba ya wadatarwa, domin kamfanoni irin su Vivitar da Tokina da Sigma sun fitar da lensi iri ɗaya da baki daban-daban. M42 ya fi sauƙin ganewa: murɗa shi ake yi kamar noti, faɗin bakinsa milimita 42.

Ribar da ake samu

Babbar riba ita ce haske. A jikin kowane lensi akwai lambobi kamar 1.4 da 2 da 2.8 da 4 da 5.6 da 8 da 11 da 16. Su ne ma'aunin ƙofar haske, wadda wasu siraran ganyayen ƙarfe ke buɗewa da tsukewa a ciki. Ƙaramar lamba na nufin babbar ƙofa, kuma kowane taki daga lamba zuwa ta gaba yana rage haske da rabi.

Lensin da aka saba sayar da kyamara da shi, mai milimita 18 zuwa 55, idan an ja shi zuwa ƙarshe ƙofarsa ba ta wuce 5.6. Tsohon lensin milimita 50 mai ƙofa 2 yana shigar da ninki takwas na wannan haske. Mai ƙofa 1.8 yana kusantar ninki goma, mai 1.4 kuma ninki goma sha shida. A ɗakin amarya da yamma, ko a wurin walima bayan Magariba an ɗauke wuta, wannan ne ke raba hoto mai tsabta da wanda ya cika da ɗige-ɗige.

Riba ta biyu ita ce raba mutum da bayansa. Idan ƙofa ta buɗe, wurin da ke fitowa tas yana ƙanƙancewa, sai bango da taron jama'a su narke, fuska ta tsaya ita kaɗai. Wayoyin zamani suna kwaikwayon wannan da lissafin manhaja, amma sukan yi tuntuɓe a bakin mayafi da gefen hula da zanen lalle.

A lura da girman sensa. Fim ɗin da aka ƙera waɗannan lensi dominsa milimita 36 ne a tsawo, 24 a faɗi. Kyamarori masu sauƙin kuɗi sensarsu ta fi haka ƙanƙanta, don haka tsakiyar siffar kawai suke gani. A kan ƙananan Sony da Nikon da Fujifilm ana ninka lambar lensi da 1.5, a kan Canon da 1.6, a kan Micro Four Thirds da 2. Lensin milimita 50 sai ya yi aiki kamar na 75 ko 80 ko 100. Wannan ya dace da hoton fuska, amma a ƙaramin ɗaki ba zai ɗauki iyali gaba ɗaya ba. Mai son hoton rukuni ya nemi na milimita 28. Akwai kuma wata adafta mai gilashi da kamfanin Metabones ya fito da ita a 2013, mai tattara siffa zuwa ƙaramar sensa ta kuma ninka haske, amma tana da tsada.

Abin da ake rasawa, da yadda ake maye gurbinsa

Adafta fanko ba ta da waya ko ɗaya. Kyamara ba ta san wane lensi aka ɗora mata ba, ba za ta saita hoto ba, ba za ta taɓa ƙofar haske ba. Duk wannan ya koma hannun mai ɗauka.

Matakin farko shi ne a shiga jerin saitin kyamara a ba ta izinin ɗauka ba tare da lensi ba, in ba haka ba wasu sukan ƙi latsuwa. Sannan a juya ta zuwa harafin A, ko Av a Canon, inda mai ɗauka ke zaɓar ƙofa a jikin lensi, kyamara kuma ta zaɓi saurin ƙiftawa, wato tsawon lokacin da labulenta ke buɗewa. Wanda ya ƙware yana iya komawa harafin M ya zaɓi komai da kansa. Idan kyamarar tana da na'urar hana girgiza a jikinta, a rubuta mata milimitar lensin da hannu.

Lensin M42 da yawa suna da wani ɗan tsinke a baya da maɓalli mai haruffan A da M a gefe. A tura maɓallin zuwa M, ko a sayi adafta mai leɓe a ciki wanda ke danne tsinken, in ba haka ba ƙofar za ta zauna a buɗe duk yadda aka juya zobenta.

Saitin hoto shi ne wurin da ake buƙatar horo. Da lensin milimita 50 a ƙofa 1.8, idan mutum yana tsaye nisan mita 2, wurin da ke fitowa tas bai kai taƙi ɗaya ba. Ana iya samun kunne ya fito, ido ya dushe. A ƙofa 8 kuwa wurin yana kaiwa kusan santimita 80 a babbar sensa. Kyamarori marasa madubi suna da taimako biyu: suna iya ƙara girman wani ɓangare na allo don a duba ido da kyau, suna kuma iya shafa launin ja ko rawaya a gefen duk abin da ya fito. A kyamara mai madubi a kunna allon baya a ƙara girma, domin ramin leƙenta ba a yi shi don saitin hannu ba. Hanya mafi inganci ita ce a buɗe ƙofa gaba ɗaya a saita ido, sannan a tsuke zuwa 2.8 ko 4 a ɗauka. Yawancin tsofaffin lensi sun fi kaifi a nan.

Ga wurare masu motsi, kamar ranar kasuwa a kasuwar shanu ta Potiskum, tsofaffin masu hoto suna da dabara. A jikin lensi akwai jerin lambobi hagu da dama na layin saiti. A sa lensin milimita 28 a ƙofa 8, a juya zobe har alamar nesa, mai kama da lamba 8 a kwance, ta zo daidai lamba 8 ta wannan jeri. A babbar sensa, komai daga wajen mita 2 har iya ganin ido zai fito, ba sai an sake taɓa zoben ba.

Rana da ƙura da damina

Yanayin Yobe yana da nasa sharuɗɗan. Ranar tsaka a bazara tana da ƙarfin da in an buɗe ƙofa zuwa 2, kyamara na buƙatar ƙiftawa cikin kusan kashi ɗaya cikin 6,000 na daƙiƙa, alhali da yawa daga ƙananan kyamarori ba sa wuce kashi ɗaya cikin 4,000. Farar babbar riga za ta ƙone a hoton, aikin da ke wuyanta ya ɓace. Maganin shi ne a koma inuwar darbejiya ko rumfa, ko a tsuke ƙofa, ko a ɗaura baƙin gilashi mai rage haske a gaba. Ga mai kyamarar da ba ta auna haske, tsohuwar ƙa'ida ita ce: a rana tsaka, ƙofa 16, saurin ƙiftawa daidai da lambar ISO, wato kashi ɗaya cikin 100 idan ISO 100 ne.

Shafen da ke hana gilashi ƙyalli ma ya bambanta. Alexander Smakula ya ƙirƙiro shi a kamfanin Zeiss a 1935, amma shafe mai hawa-hawa sai a 1971 Pentax ta yaɗa shi da sunan SMC. Lensin da suka girmi wannan lokaci, idan rana ta faɗo a kan gilashinsu, hoton kan yi fari-fari kamar an lulluɓe shi da hazo. Ɗan rumfa a bakin lensi, ko tafin hannu, yana magance wannan.

Ƙurar hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ita ce babbar abokiyar gaba. A kyamara mara madubi, da zarar an cire lensi sensa a fili take. A kashe kyamara, a kifa bakinta ƙasa, a sauya cikin ɗaki ko cikin mota. Dabara mai kyau ita ce kowane lensi ya zauna da tasa adaftar da murfinta. Kada a goge gilashi mai ƙura da bakin riga, domin yashi ne ke kartar shafe. A fara hure shi da ɗan famfon iska na roba, sannan a goge da ƙyallen tabarau.

Zafin Maris zuwa Mayu, wanda kan haura digiri 40, yana narkar da tsohon giris ɗin cikin lensi ya gangaro kan ganyayen ƙofa. Kada a bar jakar kyamara a rufaffiyar mota. Da damina kuma laima na haifar da fumfuna a cikin gilashi. A ajiye lensi a wuri busasshe, cikin roba mai murfi tare da 'yan ƙullin sinadarin shan laima irin wanda ake samu a kwalin sabon takalmi, ba cikin jakar fata ba.

Kafin a miƙa kuɗi

Araha ba ta ado, in ji Bahaushe. Lensin da ya yi shekara 40 ko 50 sai an bincike shi. A cire murfi biyu, a buɗe ƙofa, a haska fitilar waya ta baya a leƙa ta gaba. 'Yar ƙura kaɗan a ciki ba ta cutar da hoto. Zare-zare kamar saƙar gizo-gizo fumfuna ce, wadda in ta daɗe takan cinye shafe. Hazo mai lulluɓe gilashi gaba ɗaya ya fi karce illa. Karce a gilashin baya ya fi na gaba muni.

A juya zoben ƙofa daga farko zuwa ƙarshe, a ga ganyayen suna buɗewa da rufewa nan take, babu ɗigon mai a kansu. A juya zoben saiti, ya tafi sumul ba tare da cijewa ko lilo ba. Sannan a ɗora shi a kan kyamarar da za a yi aiki da ita, da adaftar da za a yi aiki da ita, a ɗauki hasumiyar masallaci ko ƙarfen sabis da ke nesa. Idan nesa ba ta fito ba, ko adaftar ta yi kauri, ko wani ya taɓa kwance lensin bai mayar daidai ba.

Ga mai farawa, lensi mai lamba ɗaya, kamar 28 ko 50 ko 135, ya fi mai zuƙowa. Tsofaffin masu zuƙowa sun fi nauyi, sun fi duhu, kuma a nan ne sababbi suka yi musu nisa.

Akwai gargaɗi biyu. Wasu lensi na shekarun 1960, kamar Super-Takumar mai milimita 50 da ƙofa 1.4, an haɗa gilashinsu da sinadarin toriyom mai fitar da ɗan tururin nukiliya kaɗan, kuma yakan sa gilashin ya koma rawaya. Ɗaukar hoto da shi ba a ɗauke shi abin haɗari ba, amma kada a fasa gilashin ko a goge shi da dutse, kada kuma a bar wa yara. Na biyu, tsohuwar fitilar filasha da akan tarar a jaka ɗaya da lensi, kamar tsofaffin Vivitar 283, tana iya tura wuta mai ƙarfin da zai ƙona kyamarar dijital. Kada a ɗora ta sai an auna.

Inda ya dace da inda bai dace ba

Tsohon lensi ya dace da aikin da ke ba mai ɗauka daƙiƙa biyu ko uku: hoton ango da amarya, hoton ɗalibai ranar yaye, kayan 'yan kasuwa da za a tallata a Facebook ko WhatsApp, da hirar bidiyo inda mai magana ke zaune. Masu ɗaukar bidiyo sun ma fi more shi, domin zoben saitinsa yana da doguwar tafiya mai laushi, kuma ba ya farautar saiti a tsakiyar ɗauka.

Bai dace ya zama shi kaɗai ba a ranar hawan Sallah, lokacin da mahaya ke sukuwa zuwa ƙofar fada, ko lokacin da ake shigowa da amarya cikin turereniya. A irin wannan wuri lensin atomatik ya fi aminci. Mai sana'a ya riƙe na zamaninsa don abin da ke gudu, ya fito da tsohon don abin da ke tsaye. Kuma kada ranar bikin mutane ta zama ranar gwaji. A yi makonni ana horar da hannu a gida kafin a karɓi kuɗin kowa.

Abin da ke cikin akwati ɗaya da lensin

Wanda ya je sayen lensi wurin dattijon mai hoto, ko wurin magadansa, zai yi kyau ya tambayi nagatif. Potiskum gari ne mai dogon tarihi: tun 1924 fadar Masarautar Fika take a nan, ga Masarautar Pataskum, ga al'adun Ngizim da Karai-Karai da Bolewa, ga kasuwar shanu da ta yi suna a Afirka ta Yamma. Hawan Sallah da bukukuwa da fuskokin mutanen da suka ga ƙirƙiro Jihar Yobe a ranar 27 ga Agustan 1991, duk a kan fim aka ɗauke su. A Bamako, nagatif ɗin da Malick Sidibé ya adana a kwalaye a shagonsa su ne suka kai shi ga lambar yabo ta Zakin Zinariya a baje kolin Benis na Italiya a 2007.

Tsohon lensi na ɗaukar ƙananan abubuwa daga kusa, kamar Micro-Nikkor mai milimita 55, idan aka ɗora shi da adafta, aka sa farin haske a bayan nagatif, yana iya kwafe shi zuwa kwamfuta, sannan a juya launinsa da manhaja. Dattijon da ya yi shekaru yana saita hoto da hannu shi ne kuma wanda ya fi kowa iya koya wa matashi wannan saiti, da sunayen mutanen da ke cikin hotunan.